Zobon Malam Badamasi

Malam Badamasi direba ne a sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram har ya yi ritaya. Dogon mutum ne mara yawan magana, ko gaisuwa ma a taƙaice yake yin ta. Duk da haka zaurensa ba ya rabuwa da jama'a ranar Juma'a in an sauko daga masallaci. Shi kansa ya san ba hirarsa ce take tara su ba. Matarsa Ummussalma ce take aiko da kula cike da zobo mai sanyi, a yi ta zagayawa da kofuna ana gardamar siyasa da zancen damina har a kira la'asar.

Da Allah ya yi mata rasuwa, abokan suka ci gaba da zuwa na ɗan lokaci. Sai dai zaman ya zama na shiru, kowa ya yi addu'a ya shafa, ya nemi takalminsa. Sannu a hankali aka daina shimfiɗa babbar tabarmar.

'Yarsu ɗaya ce, Sa'adiyya, tana aure a Dutse. Ta yi ta roƙonsa ya koma wurinta, ya ce ba zai bar gidan ya zama kango ba. Da ciwon gefen ciki ya kwantar da shi, likita ya ce tsakuwa ce a ƙoda, ya riƙa shan ruwa da yawa, sai Sa'adiyya ta ɗora wa ruwan unguwarsu laifi. Ruwan rijiyar burtsatsen nan zartsi ne, har farin ɓawo yake bari a gindin buta. Ba ta yi shawara da shi ba, kawai ta zo da na'urar tace ruwa da mai haɗa ta.

Aka kafa ta a bangon kicin, aka jona ta da sola. Mai haɗawar ya nuna masa wani dogon gwangwani a ciki.

"Baba, nan aikin yake. Injin yana matsa ruwa ta wata rariya mai ƙofofin da ido ba ya gani. Mai kyau ya wuce tanki, gishirin da datti su fita ta wannan tiyon."

"To, madalla," in ji Malam Badamasi.

Da suka tafi gidan ya koma yadda yake. Abin da ya ƙaru shi ne ɗan gurnanin injin idan yana cika tanki. Wani lokacin da rana tsaka sai ya ɗebi ruwan da ba ya bukata ya juye a randa, don kawai injin ya tashi, ya ji motsin wani abu a gidan ban da nasa.

Wata rana yana neman igiya a ɗakin marigayiyar ya ci karo da buhun zoborodo, wanda suka roro tare a gonarsu ta Dingaya, ita ta ɓare ta shanya da hannunta. Ya daɗe tsaye a kansa. Ranar Alhamis ya shiga kasuwa ya sayo citta da kanumfari da abarba. Bai taɓa dafa komai ba sai shayi, amma ya sha ganin ta tana yi. Ya tari ruwan na'urar, tunda shi ne mai tsabta, ya dafa, ya tace, ya zuba sukari, ya sayo ƙanƙara. Launin ya fito ja wur, gwanin sha'awa.

Ranar Juma'a ya tare abokansa a ƙofar masallaci, abin da bai taɓa yi ba, ya ce su biyo ta zaure. Suka zo. Malam Sada, tsohon malamin firamare, shi ya fara kurɓa. Ya runtse ido, ya haɗiye da ƙyar.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Allah ya ji ƙan Ummussalma."

Sauran suka ce amin. Da suka watse ya tarar da kofunan kusan a cike. Ya ɗanɗana nasa, tsami ya kama masa haƙora. Ya ƙara sukari a mako na gaba, ya zama tsami da zaƙi suna faɗa da juna. Ya rage zoborodon, ya zama ruwa-ruwa. Matan maƙwabta za su iya gaya masa, amma kunya ta hana shi tambaya, ga shi har an fara yi masa dariya a bayan ido.

Daga ƙarshe ya cika gora ɗaya ya hau motar Birnin Kudu, wurin Zahara'u, yayar matarsa, wadda ta koya mata girki tun suna 'yan mata. Ya same ta a inuwar ɗakinta, ta tsufa, idonta ya yi rauni, da murya ta gane shi.

"Badamasi? Yau kai ne a gidanmu?"

"Ni ne, Yaya. Wani abu na kawo ki ɗanɗana mini."

Ta kurɓa, ta juya shi a baki.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ni na yi."

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi abin da ya zuba, ya lissafa. Ta tambaye shi ruwan, ya ba ta labarin na'urar.

"Ai shi ke nan. Ruwanku na Gwaram mai nauyi ne, shi yake kashe mata tsamin, ba ta bukatar komai. Wannan naka an cire masa duk abin da ke cikinsa, tsamin ba shi da mai riƙe shi. Mu nan 'yar kanwa muke jefawa, kamar ƙwayar masara. Kada ka wuce haka, sai ya yi baƙi ya yi warin sabulu."

Ya yi niyyar juyowa da azahar, amma bai tashi ba sai bayan la'asar. Zahara'u ta yi ta ba shi labarin ƙanwarta: yadda ta taɓa faɗawa kududdufi garin tsinko bado, yadda ta ƙi cin abinci ranar da aka ce direba ne zai aure ta, don tsoron kada ya riƙa kwana a hanya. Bai taɓa jin ko ɗaya ba. Ya zauna yana sauraro, yana murza hularsa a gwiwa. Tun rasuwar, ranar ce aka fara yi masa zancenta ba da sigar ta'aziyya ba.

Zobon da ya yi bayan nan, da ya jefa 'yar kanwar, ya fito da duhu kaɗan, tsamin ya kwanta. Ya sha a tsaye a kicin, ya ajiye kofin, ya fita tsakar gida ya zauna a kan turmi har zuciyarsa ta lafa.

Sai dai majalisar ba ta dawo ba. 'Ya'yan Malam Sada sun ɗauke shi sun kai shi Kano. Wani ƙafa ta hana shi fita, wasu kuma sun saba da zama a wata rumfa kusa da kasuwa. Juma'ar farko mutum ɗaya ne ya zo, Bappa Hambali mai shanu, ya sha kofi biyu, ya ce, "Wallahi kamar nata," sannan ya ce zai je ya duba dabbobi.

Malam Badamasi ya dubi kular, ga ta a cike. Ya ɗaure ta a bayan babur ya nufi tasha, ya ajiye a gindin darbejiya inda 'yan acaɓa da direbobin bas suke jiran fasinja. Ya ce sadaka ce, a yi wa wata baiwar Allah addu'a. Kafin a jima sun shanye.

Haka yake yi har yanzu duk Juma'a. Buhun marigayiyar ya ƙare tuni, zoborodon da yake dafawa shi ya noma. A tasha Baba Mai Zobo suke kiran sa, yawancinsu ba su san sunansa ba, ba su kuma san ya taɓa riƙe sitiyari ba. Yakan zauna a benci yana jin gardamarsu ba ya sa baki. Idan kular ta ƙare ya ɗaure ta, ya ɗaga musu hannu, ya koma gida ya wanke kofuna kafin magariba.