Alkamar Iya da Cikin Sa'adatu

Ranar jajibirin ƙaramar Sallah, shekarar da nake aji biyar na firamare, tsakar gidanmu a Tudun Wada ta cika da igiyoyin taliya, har sai mutum ya sunkuya kafin ya isa rijiya. Iya, kakarmu ta wajen uba, tana kan kujera 'yar tsugunno tana murza inji, Umma na bakin murhu tana tsamo alkaki daga mai, ni kuma aikina korar kaji. Ƙanwata Sa'adatu tana kwance a tabarma gindin darbejiya. Shekarunta shida, amma baƙo zai ce uku. Cikinta ya yi tulu, ƙafafunta kamar sillen kara, gashinta ya yi ja yana bin mataji. Duk matar da ta shigo karɓar taliyar Sallah sai ta dube ta, ta kau da kai, ta ce "Allah ya sawwaƙe" da irin muryar da ake yi wa gidan da ya riga ya fid da rai.

Kafin azumin nan Baba ya kai ta asibitin koyarwa, bayan an sha jiƙe-jiƙe an yi maganin shawara da na tamowa, gudawa ba ta tsaya ba. Aka ɗebi jini, aka yi ta gwaje-gwaje, likitar ta ce sunan ciwon siliyak: hanjin yarinyar ba ya jure danƙon da ke cikin alkama, wannan danƙon da yake sa taliya ta miƙe ba ta tsinke ba. Babu allura, babu ƙwaya. A raba ta da alkama kawai, ko ɗanɗane, har iya rayuwarta. To a gidanmu alkama ita ce sana'a, ita ce kuma martaba. Da funkaso ake karrama baƙo, da kunun alkama ake tayar da mai jego.

Iya ta saurari Baba har ya gama, sannan ta ce, "Wane irin ciwo ne maganinsa yunwa? Binciken nan a kan 'ya'yan wa aka yi shi? 'Ya'yan Turawa da suka tashi da burodin kanti. Fulawar kamfani ce guba. Tawa alkamar fadama ce, ni na wanke ta, ni na shanya." Maƙwabta suka mara mata baya, wai masu bincike bana su ce ƙwai na kisa, baɗi su ce magani ne. Baba ya sunkuyar da kai, don ba a yi ranar da zai mayar wa mahaifiyarsa magana ba.

Haka gida ya rabu biyu ba tare da an ɗaga murya ba. Umma ta ware wa Sa'adatu tukunyarta da muciyarta, tana mata tuwon masara da wainar shinkafa. Iya kuwa kowace safiya sai ta dama kunun alkama da madara, ta ɗora jikarta a cinya, ta yi bismilla, tana ba ta tana shafa kanta. Ba a ɓoye take yi ba, kuma wallahi ƙauna ce zalla. Umma tana tsaye da tsintsiya tana kallo, kunyar suruka ta ɗaure mata baki. Mukan fita ƙofar gida 'yar gala-gala, Sa'adatu ta jingina da bango tana riƙe mana takalma. Daga baya ko ƙofar ba ta kaiwa. Allonta na makaranta ya zauna a saƙo har gizo ya yi masa saƙa.

Funkason Sallah ne ya ƙarasa kayar da ita. Ta kwana biyu ko ruwa ba ya zama, idanunta suka faɗa, ta daina ma kuka. Da la'asar na ga Umma ta goya ta kamar jaririya, ta yafa mayafi, ta durƙusa a ƙofar ɗakin Iya ta ce, "Iya, zan kai ta Kwangila wajen yayana ta sha iska." Iya ta daɗe tana jan carbi. Ta gane. Ta ce, "Ki kai ta. In likita ce ta haife ta, ma gani." Sannan ta ƙulle alkaki a leda, guzurin jikarta. Umma ta karɓa hannu biyu, ta yi godiya, na raka su, muna shan kwana ta miƙa wa 'ya'yan mai kayan miya.

Kafin daminar shekarar ta wuce Sa'adatu ta fara gudu. Iya ta ce canjin ruwa ne da addu'a, kuma a kan haka ta koma ga Mahaliccinta. Sa'adatu ba ta sake kwana a gidanmu ba. Lokacin da Iya ke raye, takan zo gaisuwar Juma'a da kwanon abincinta, Iya ta rungume ta, amma ba ta taɓa duban kwanon ba.

Yau ga ni da nawa gidan a unguwar, kuma 'yar autata ta fara ramewa, cikinta yana tasowa. An ɗebi jininta, muna jiran sakamako. Tuni saƙonnin murya suka cika mini waya, wannan ta ce binciken kasuwanci ne, waccan ta ce a gwada garin alkama na gida wanda ba a sa wa sinadari ba. Dā mai shakka ɗaya ce a gidanmu, na san fuskarta, na san ɗumin cinyarta. Na yanzu ba su da fuska, ba kuma za su zo jinya ba. Nakan yi kewar Iya har hawaye su zubo, sannan in tashi in ɗaga garin alkama zuwa saman kantar ɗakin girki, inda ƙaramin hannu ba zai kai ba. Allah ka tsare mu da ƙaunar da ba ta jin magana.