Shayin Bayan Feshi

Ƙanena feshi yake yi wa mutane a gonakin masara, daga Kiru har Doguwa. In damina ta kankama, injin feshi ba ya sauka daga bayansa. Ba safar hannu, ba abin rufe hanci. In maganin ciyawa ya ƙi haɗuwa a bokiti, da hannu yake juya shi. Na yi faɗa har na gaji da jin muryata.

Masu feshi a wajenmu madara suke sha bayan aiki, wai tana kashe dafin. Shi kuwa wata rana ya ji wani likita a rediyo yana cewa ana bincike kan koren ganyen shayi, irin wanda Buzaye ke dafawa. Wai akwai sinadarai a cikinsa da wataƙila suke kare hanta daga lalacewa, kamar yadda mai ke hana fartanya tsatsa. Ina wurin, na ji “wataƙila” da kunnena. Shi kunnensa tsallake ta ya yi.

Washegari sai ga shi da 'yar buta shuɗiya. Tun daga nan, in ya dawo yana warin magani, sai ya hura gawayi ya dafa mai ɗaci, ya labta sukari.

Na ce, “Ka dai rufe hancinka, ka sa safa.”

Ya ce, “Haba Yaya, zafi fa ake yi. Ai ga wankin hanta nan a wuta.”

Damina ta wuce, wata ta zo. Abinci ya fara gundurarsa, idanunsa suka yi rawaya. Muka ce shawara ce, a asibiti aka ce hantar ta taɓu. Na tambayi ma'aikaciyar jinya batun shayin. Ta ce ba laifi a sha, amma ba wanda ya ce zai tare gubar da ke shiga ta fata da hanci kullum.

Yanzu yana kwance, ni ke jinyarsa. Wallahi na gaji, irin gajiyar da barci ba ya saukewa.

Kwanan baya abokinsa, magidanci mai iyali, ya zo dubiya. Ya nemi aron injin, don shi aka ba gonakin da ƙanena ya bari. Na zaci ƙanena zai ja masa kunne. Sai ya ɗago kai da ƙyar.

Ya ce, “Yaya, ba shi har da butar. Ni ma da na fara sha da wuri, da ban kwanta ba.”