Birkin Keken Ilu

Na miƙe baki cike da rairayi, 'yan kasuwar Magariya suna ta dariya.

Zamanin Faransa ne. Taubashina Ilu ya sayo keke a Kano, baƙi wul, yana sheƙi, ni kuwa ina fama da wani tsohon keke na Faransa. Abin ya tsaya mini a rai, na ce ya kawo in koya masa hawa.

Ashe birkin dama a nawa na baya ne, a nasa na gaba. Ina damƙewa, keken ya watsar da ni.

Ilu ya ce, "Taubashi, keke ya san mai shi."

Na ce, "Maƙerinsa ne bahago!"

Har na tsufa ban yafe wa keken nan ba. Ku faɗi gaskiya, laifin hannuna ne ko na maƙerin?