Muryar Yaya a Shimfiɗar Ƙasa

Kafin yayana ya rasu na ɗauki muryarsa da waya a Barkiya. Awa biyu yana lissafa burtalolin da mahaifinmu ya bi da shanu, da rijiyoyin da suka ƙafe, da waɗanda ke kwance a tsohuwar maƙabarta. Babu sauran wanda ya san su. Na juye muryar cikin kwamfutar da 'yata ta haɗa mini, daga baya wayar ta lalace.

Wata safiya a Kurfi na so in cire tarin da ya yi a farko. Na yanke, na adana. Da na kunna, tarin kaɗai ya rage.

Na taɓa ɓata a kasuwar Omdurman, injin kwalekwale ya taɓa mutuwa da mu a tsakiyar tafkin Volta, amma ban taɓa tsorata kamar ranar ba. Na naɗe kwamfutar cikin darduma, na hau mota zuwa Dutsin-Ma, inda 'yar take koyarwa.

"Baba, zauna tukuna," in ji ta. "Shimfiɗa biyu na yi wa kwamfutar. Ta ƙasa a kulle take, sai dai a karanta. In za ka gyara fayil, na'urar kan kwafo shi zuwa ta sama, kwafin kake yankawa."

Na gane. A Yamai na ga masu awon ƙasa suna ɗora takarda shara-shara kan taswira, su yi zanensu a kanta.

"Sai dai ran sunan jikanka na kulle ta ƙasan. In bayan nan ka juye muryar Baffa, a sama kawai take, ita ka yanke. Yaushe ka juye?"

Na tuna Yaya a wurin sunan yana ƙorafin naman ya yi tauri. Juyewar ce ta ɓace mini.

"Ban sani ba."

"Kai da ka haddace harsuna biyar?"

Ban yi dariya ba, ita ma ta bari. Ta buɗe shimfiɗar ƙasa ita kaɗai, sunayen fayiloli suna wucewa, ni kuma ina kallon yatsunta don na kasa kallon allon.

Ta tsaya kan wani fayil, ta kunna, ta ja zuwa tsakiya. Sai ga Yaya yana cewa, "In ka wuce tsamiyar nan, ka bi hagu."

Ban tashi ba sai da ta kwafi muryar a filashi biyu. Ɗaya na bari wurinta.