Kwallin Inna da ba na ido ba

"Inna, tsaya! Kar ki sa a ido!"

Ihun da na yi ke nan jiya, da na tarar da kakata zaune da madubi, har ta tsoma tsinke cikin 'yar kwalbar da na zo da ita Dakoro daga labo, ɗakin gwaje-gwajenmu na jami'a. Ta ga baƙin gari, ta ɗauka tsarabar kwalli ce.

Na ce, "Ƙarfe ne da kuza, Inna. Inji muke sawa ya yi ta niƙa su tare, har ƙwayoyin su fi ƙarfin ido, jerinsu ya hargitse. Sannan mu duba yadda halinsu ya sake."

Na kara maganaɗisu jikin kwalbar, garin ya biyo shi.

Ta daɗe tana kallona. "Wato duk karatun nan daka aka kai ka yi? Kai ɗan nan, da ka faɗa mini, ga turmi nan!"

Kwalbar dai ta hana ni. Duk wadda ta shigo gaisuwa sai ta nuna mata, tana cewa, "Dakan jikana ne."

Ku fa, mi tsofaffinku suke ce wa mutane kuna yi?