Tasya Mai Zana Fuskar 'Yan Sama Jannati

Benci ɗaya muka zauna ni da Taisiya Yegorovna a masana'antar kayan adon gilashi, tun muna 'yan mata har furfura ta cim mana. Mu dai Tasya muke ce mata. Bayan yaƙin duniya na biyu ta zo garinmu daga ƙauyensu, da takalmin mahaifinta a ƙafa, don shi bai dawo daga fagen daga ba. Aka miƙa mata siririn burushi aka ce ta koyi shafa fenti a kan 'yan abubuwan da ake ratayawa a bishiyar sabuwar shekara. Maza suna ɗakin wuta suna hura gilashi da baki, mu mata muna yi masa kwalliya. Tuffa muke yi da kokwamba da kan masara. A can ɗakin wutar ta samu miji, Savely, dogo mai yawan surutu, suka haifi 'ya ɗaya, Rimma.

Ranar da aka ce ƙasarmu ta harba tauraron ɗan Adam, shugaban sashenmu ya kawo rediyo ya ajiye a kan taga. Muka ji wani ɗan ƙara kamar kukan gyare, wai daga tauraron yake fitowa. Maza suka yi ta rungumar juna. Tasya ta saurara, ta ce wannan ai akwai irinsa a bayan murhun kakarta, ta koma kan masararta.

Ba a daɗe ba aka kwashe masarar. Da mutum ya je sama ya dawo da ransa kuwa, sai garin duka ya rikice. Sabulu ya zama roka, agogon tebur ya zama roka, fitilar gefen gado ma haka. A tsakar gidajenmu aka kafa wa yara wata doguwar roka ta ƙarfe, su hau ta ciki su sulalo ta waje. Mu kuma aka kawo mana ɗan sama jannati na gilashi, tsawon ɗan yatsa, da hular kwano a kai. Jikinsa kowa na iya shafawa, amma fuskar ba ta fi ƙwayar wake ba, kuma hannun Tasya ne kawai ba ya rawa. Haka fuska ta zama aikinta: ido biyu, gira, ja a kumatu, da murmushi. Shugaba ya ce murmushin dole ne.

Savely ne abin ya fi shiga ransa. Ya yanko hotuna daga jarida ya manne bango da su. Wata Asabar ya wuni a layi cikin dusar ƙanƙara, ya dawo da injin zuƙe ƙura mai siffar ƙwallo da zobe a ƙugu, kamar wata duniyar da ake nunawa a littafin makaranta. Ɗaki ɗaya gare su a gidan da muke tarayya, ba su da ko shimfiɗar ƙasa.

Ina kicin na ji Tasya ta ce masa, "Sava, ƙurar me zai zuƙa? Ta cikin kanka?"

Ya ce ita matsalarta ba ta iya hangen gaba ba, nan da shekara ashirin duniyar wata za a riƙa zuwa hutu. Ta ce to kafin nan ya je ya nemo musu kabeji. Injin ya ƙare a saman kabad, Rimma tana ɗora masa hularta.

Wata shekara aka zaɓi kayanmu za a kai baje koli a Mosko, aka ce Tasya ta raka su. Ba ta taɓa zuwa ba. Muka haɗa mata kaya, wannan ta ba da aron jaka, waccan gyale, ni na ba ta takalmina mai tsini wanda ya yi mata kaɗan. A tsaye ta yi mafi yawan tafiyar jirgin ƙasa, tana rungume da akwatin don kada ya fashe. Da ta isa ta jera kayan, ƙafafunta sun kumbura. Ta samu wani benci a inuwar wata babbar roka ta gaske da aka kafa a filin, ta cire takalmin, barci ya ɗauke ta. Sai mai shara ce ta tashe ta ana shirin rufe ƙofa. An ce wani daga cikin waɗanda suka je saman ya zagaya wurin a ranar, har ya tsaya gaban teburinmu. Ita dai ba ta gan shi ba.

Ta dawo da lemu da tsiran nama. Savely ya tsare ta da tambaya, da ya ji abin da ya faru ya yi kwanaki ba ya yi mata magana. Ta ce mini, "Klava, wallahi tun da na zo garin nan ban yi barci mai daɗin wannan ba."

Rimma ta biyo ubanta. Ta yi karatun lissafi, ta auri wani injiniya, aka tura su aiki wani gari da ba a faɗin sunansa, ba a kuma shigarsa sai da izini. Abin da suke ƙerawa ma ba ta faɗa. Savely yana alfahari, yana nuna sama da yatsa idan an tambaye shi ina 'yarsa. Tasya kuwa sau biyu ta ga jikanta kafin ya shiga makaranta.

Daga baya yayin sama jannati ya wuce ba tare da kowa ya sanar ba. Aka koma yin ƙwallaye masu ƙyalli marasa fuska. Rokar tsakar gida ta yi tsatsa, mata suka ɗaura mata igiyar shanya. Ƙirjin Savely ya gaji da hura gilashi, tari ya kwantar da shi, ya rasu da farkon bazara. Rimma ta iso bayan an binne shi. A lokacin idon Tasya ya fara hazo, aka mayar da ita sashen naɗe kaya a takarda, ta yi sauran shekarunta a can ba ta yi ƙorafi ba.

Da ta ajiye aiki ta koma ƙauye, gidan mahaifiyarta da ya karkace. Na je mata sau ɗaya lokacin haƙar dankali. Ta rame, tana da akuya ɗaya mai taurin kai. Muka sha shayi a bakin ƙofa, na ba ta labarin wani ɗan kasuwa da ke bin gidaje yana neman tsofaffin 'yan sama jannatinmu, wai yanzu masu tara kayan tarihi suna rububinsu. Na tambaye ta ko ta ajiye wasu.

Ta ce, "Ko ɗaya. Na gaji da ganin haƙoransu."

Ta miƙe da ƙyar tana dafe da baya, ta ce in zo in riƙe mata buhu kafin ruwa ya sauko. Muka yi ta tsintar dankali har motar da za ta mayar da ni gari ta yi hon a bakin hanya.