Kibiya Babu Dafi

Ban daɗe da dawowa Sakkwato daga kwaleji ba aka haɗa ni da wani Bature baƙo in yi masa tafinta. Ba jami'in mulki ba ne, ko in ce haka aka gaya mini. Yana da wani akwati mai ƙafa uku, ana juya masa hannu ya ɗauki hoto mai motsi. Abin da yake so shi ne maharbi ya ka da barewa da baka a gaban akwatin. Da ya tambaye ni ko na san wani, bakina ya riga tunanina, na ambaci kawuna.

Sai da na kama hanyar gida na tuna ana ta maganar Turawa sun hana harbi da kibiya mai dafi. Ban ga takardar dokar da idona ba, amma na ji an ce an ɗaure wani a kan haka. Kawu kuwa duk kibansa baƙi ƙirin suke da dafi.

Na same shi a zaure yana gyaran tsirkiyar bakansa.

"Mi zai yi da hotona?" in ji shi. "Ɗiyata zai aure?"

"Ƙasarsu zai kai su gani, Kawu."

"Su gani, su aiko dogari. Kai da kac ci tuwonsu shekara biyar, gaya min gaskiya, shaida suka biɗa?"

Na ce ban sani ba, kuma gaskiyar ke nan. Baturen yana da yawan tambaya, kome aka faɗa sai ya rubuta. Har ya taɓa tambayata maharba nawa ne a unguwarmu. Wataƙila son sani ne kawai. Amma ƙin zuwa ma, a ganina, zai jawo ido. Saboda haka na kawo dabara: a karɓo sababbin kibau wurin maƙeri, a fita da su fari tas, babu dafi. Kawu ya yarda.

Maharbanmu cinya suke nema, inda tsoka take da kauri, don dafi ne ke aikin. Dabba ta gudu, su bi ta, su yanka ta kafin rai ya fita, su yanke naman da ke kewaye da raunin su yar. Da na bayyana wa Bature haka, ya ce sam. Ya zana barewa a ƙasa da sanda, ya nuna bayan kafaɗa, wurin huhu da zuciya, don ta faɗi nan take inda akwatin yake kallo.

"Barewa nawa ya taɓa kashewa, wanga mai koya min?" in ji Kawu.

Na gaya wa Bature wai Kawu ya ce ya fahimta.

Kwana uku muna fita dajin bayan Kalambaina da hantsi. Bature yana son rana a bayansa, Kawu yana son iska a fuskarsa, biyun kuwa ba su cika haɗuwa ba. In sun haɗu, ƙarar akwatin ta kori garken. A rana ta uku iska ta yi ƙarfi ta danne ƙarar. Kawu ya ɗaura kan burtu a goshi, ya sunkuya yana tafiyar tsuntsu yana saran ƙasa, har ya kusanci wata barewa da ta ba shi gefe. Ya ja baka.

Hannun da ya shekara arba'in yana neman cinya bai saurari zanen sanda ba. Kibiya ta shige cinya, barewa ta yi tsalle ta ɓace da ita.

Bature ya daina juya hannun akwatin. Ya ce, "Me ya sa ba ta faɗi ba? An gaya mini kibanku na da dafi. Shi ma ina son in gani."

Na dubi fuskarsa ban karanta kome ba. Ko takaici ne, ko tarko. Na ce mun daina tun da aka hana. Ya rubuta.

Kawu bai dawo tare da mu ba, ya bi jini. Sai washegari da azahar ya same ta, ungulaye sun riga shi. Tun da ya fara harbi bai taɓa barin dabba ta zama mushe da kibiyarsa a jikinta ba, kuma labarin ya riga shi isa rumfar mahautan da yake kai wa nama.

Dogari bai zo ba. Ko dabarata ce ta kare shi, ko dama babu abin tsoron, har yau ba zan iya rantsuwa ba. Na je in ba shi haƙuri, ya saurare ni har na gama.

"Ko fid da ni ka yi, ko kai ni ƙara ka yi abin bai ci ba, Allah ya sani," in ji shi. "Ni dai ban sani ba, ɗana."

Bai taɓa hana ni gidansa ba. Amma daga ranar, in ya ji sallamata, sai ya ce in dakata, in ji motsinsa yana shigar da kwarin kibansa cikin ɗaki, sannan ya ce in shigo.